FASAHAR KALLO: Matacciyar sifika za ta iya girgiza benci a Sakajiki

DUK ma'abocin kallon finafinan faɗa ya san wannan wurin. An ƙure yaron fim, bos ya tara yaran sa, sai ga mota ta kutso ta cikin gini, tankin mai ya yi bindiga. Wanda ya taɓa kallon irin wannan fitowar a babban gidan sinima ya san ba kunne kaɗai ke jin fashewar ba. Ƙirji na ji, tafin ƙafa na ji, har kujerar da mutum ke zaune a kai sai ta amsa. To amma a kalli wannan fitowar a ƙaramar talabijin ko a wayar hannu, sai a ji wani ɗan "tas" kamar an jefa tsakuwa a kwanon sha. Hoton ya na nan daram, armashin ne ya gudu.

Matasan Sakajiki da Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi da yawan su ba su taɓa shiga sinima ba. Bayan da Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999, a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, gidajen sinima sun rufe, kallo ya koma ɗaka da gidajen kallo na unguwa. Daga bidiyo mai kaset aka koma faifan CD, daga nan DVD, yanzu kuma memori da waya. Duk saurayin da ya samu 'yan kuɗi, burin sa ya sayi ƙatuwar sifika mai "bes" ya girke a shagon sa, ya ƙure mata murya don ya ji abin da ake ji a sinima.

A nan gizo ke saƙar. Ƙatuwar sifika tsada gare ta, ga shan wuta. Kuma ba mai ita kaɗai ke jin ta ba, duk layin ne. Shekara da shekaru ke nan wannan yanki ya na fama da 'yan bindiga, mutane na kwana da kunne ɗaya a buɗe. A irin wannan hali, a saki ƙarar harbin fim da na babura cikin dare ta bakin sifika mai inci 15 ba nishaɗi ba ne, tayar wa tsofaffi da mata da yara hankali ne. Shi kan sa mai kallon, in ya cika ɗaki da ƙara, ba zai ji abin da ke faruwa a waje ba.

Akwai mafita mai araha. Wata 'yar na'ura ce da ake ɗaurawa a ƙarƙashin kujera ko benci, ta na aika rugugin fim kai-tsaye cikin jikin wanda ke zaune, ba tare da ta cika unguwa da hayaniya ba. Turawa na kiran ta "bes-sheka", wato mai girgizawa da kaurin sauti. A wannan fili za a kira ta girgizau. Kuma babban abin daɗin shi ne ana iya haɗa ta da tsohuwar sifikar da aka jefar.

DAGA INA AKA SAMO DABARAR?

Ba yau 'yan fim su ka fara neman hanyar girgiza 'yan kallo ba. A 1959 wani furodusa kuma darakta ɗan Amurka, William Castle, ya fitar da fim ɗin ban tsoro mai suna The Tingler, wanda Vincent Price ya fito a ciki. Sai ya sa aka liƙa ƙananan motoci masu karkarwa a ƙarƙashin wasu kujerun sinima. Da an zo wurin firgici sai a kunna, 'yan kallo su zabura su na ihu.

A 1974 kamfanin Universal ya fito da Earthquake, fim kan girgizar ƙasa, tare da Charlton Heston. Don wannan fim aka ƙirƙiro tsarin Sensurround: aka shigar da manya-manyan sifikoki na kamfanin Cerwin-Vega cikin gidajen sinima, su na fitar da rugugi mai kauri sosai. Abin ya burge, har tsarin ya samu lambar yabo ta Oscar. Sai dai fa ya zo da rigima. A wani shahararren gidan sinima na Hollywood sai da aka ɗaura raga a sama saboda ɓarɓashin silin da ke zubowa, masu kallon wasu finafinan a ɗakunan da ke maƙwabtaka kuma su ka riƙa ƙorafi. Bayan 'yan finafinai kaɗan, irin su Midway na 1976 da Rollercoaster na 1977, aka yi watsi da shi. Darasin a fili ya ke: in aka ce iska ce za ta ɗauko girgizar, to maƙwabci ma sai ya samu rabon sa.

Daga baya kamfanoni irin su Aura da Clark Synthesis da masu yin ButtKicker su ka koma kan dabarar Castle, amma da gyara: a girgiza kujerar kawai, kuma girgizar ta bi sautin fim ɗin daidai. Ƙananan su na cin daloli gommai, manyan kuwa ɗaruruwa, ban da kuɗin kawowa. Ga ɗan Sakajiki wannan ba magana ba ce. Gara ta gida.

YADDA TA KE AIKI

Sauti ba komai ba ne illa karkarwa. Ana auna shi da yawan kaɗawa a cikin daƙiƙa guda, wanda ake kira haz. Kunnen mutum na jin daga kaɗawa 20 zuwa 20,000. Siririn sauti irin na sarewa ya na can sama, kaurin sauti irin na tsawa ko tambarin sarki ya na can ƙasa. Daga 80 zuwa ƙasa, jiki ya kan ji abin kamar yadda kunne ke ji, wani lokacin ma fiye. Dattawan da su ka san zamanin da tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda ke ci, wadda layin dogo ya iso ta a 1929, za su ba da shaida: kafin jirgi ya tsaya, ƙafar mutum ta riga ta sanar da shi nauyin abin da ke tafe.

Me ya sa kaurin sauti ke ratsa bango? Saboda tsawon igiyar sa. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka igiyar sauti mai haz 40 ta kai mita takwas da rabi. Katangar ƙasa ko ta bulo da rufin kwano ba sa tare irin wannan. Shi ya sa maƙwabci ba ya jin maganar jarumi, amma ya na jin "dum-dum" har cikin ƙashin sa.

A cikin kowace sifika akwai maganaɗisu, da naɗin siririyar waya da ake kira koyil, da takarda mai siffar mazurari. In wutar sauti ta shiga koyil, sai ya riƙa kai da komo, ya na tura takarda, takarda na tura iska, kunne ya ji. Girgizau kuwa an rage mata takardar, an ɗora wa koyil ɗin nauyi. Duk lokacin da koyil ya cilla nauyin nan gaba, sai jikin sifikar ya ja da baya, kamar yadda turmi ke amsawa in taɓarya ta sauka. Tunda jikin a ɗaure ya ke da benci, benci ne zai karɓi bugun. Iska ba ta samu komai ba, maƙwabci ya sha barcin sa.

KAYAN DA ZA A NEMA

Na farko, tsohuwar wufa mai faɗin inci 6 zuwa 10, wadda maganaɗisun ta ke da nauyi. Ba a damu ba ko takardar ta yage, ko soson bakin ta ya ruɓe. Abin nema shi ne koyil mai rai. Irin waɗannan su na jibge a shagunan masu gyaran rediyo a Ƙaura da Shinkafi da Gusau, da wurin 'yan gwangwan, da wurin masu haya da kayan sauti na biki. Wanda ke da ɗan'uwa a Kano, kasuwar Sabon Gari ba a rasawa.

Kafin a biya kuɗi a gwada. A samu batirin tocila mai bolt ɗaya da rabi, a taɓa bakunan sifikar biyu da waya. In ta yi "ƙwas" tsakiyar ta motsa, koyil na da rai. Sannan a sa yatsu a danna tsakiyar a hankali. In an ji ta na gogar wani abu kamar yashi, koyil ya ƙone ko ya lanƙwashe, a bar ta. In mai gyara na da mita, ya auna: sifika mai om 4 ta kan nuna uku da 'yan kai, mai om 8 kuma ta nuna wajen shida. A riƙe wannan lamba, za ta yi amfani a gaba.

Sauran kayan: sabuwar reza, gam mai ƙarfi irin Araldite, dogon noti guda da wasa-wasai na ƙarfe, ɗan zagayayyen falanki ko murfin roba mai tauri, tsohon tiyob na babur, guntun taya, katako mai kaurin yatsa biyu, sukurori, waya, fiyus, da amfilifaya.

HAƊAWA

Mataki na ɗaya, yanka. Da reza za a fitar da tagogi huɗu a jikin takardar, a bar zirara huɗu masu faɗin yatsa biyu su na haɗa tsakiya da baki, kamar gicciye. A lura da kyau da siraran wayoyi biyu masu sheƙi da su ka fito daga bakin sifika su ka shiga takarda. Su ke kai wa koyil wuta, don haka zirin da su ka bi ta kan sa dole a bar shi. In reza ta taɓa su, aiki ya ɓaci. Haka kuma kada a taɓa rawayan ƙyallen nan mai ninki-ninki da ke ƙasan takarda, wanda masu gyara ke kira sifaida. Shi ke riƙe koyil a tsakiya. 'Yar hular da ke rufe tsakiyar sifika ma a bar ta, domin ita ke hana ƙurar hunturu da ɓarɓashin ƙarfe faɗawa ramin koyil.

Mataki na biyu, nauyi. A huda zagayayyen falankin a tsakiya, a zura notin daga ƙasa, a jera wasa-wasai a kai, a ɗaure tamau. A fara da abin da bai wuce giram 100 ba. Ga wufa mai inci 10 ana iya kai shi nauyin wayar hannu guda, wato kusan giram 200. Sai a shafa gam a gefen falankin, a zaunar da shi a kan takardar daidai kewayen 'yar hular nan. Dole ya zauna tsakiya cif. In ya karkace, koyil zai riƙa gogar bango har ya ƙone. A bar gam ya kwana ya wuni. Masu gaggawa a nan su ke yin asara.

Ƙa'idar nauyi mai sauƙi ce. In an ƙara shi, girgizar ta kan ƙara zurfi, irin ta tsawa. In an rage, ta kan koma bugu mai sauri, irin na ganga. Amma in aka ga nauyin ya danne tsakiyar ta nutse tun ba a kunna komai ba, ya yi yawa, a cire wasa ɗaya ko biyu. Amfanin yin sa da noti ke nan.

Mataki na uku, tallafi. A yanko zirara biyu na tiyob, a gicciya su a saman sifikar, a huda tsakiyar su notin ya ratsa, a ɗaure ƙarshen su a ramukan sukuru na bakin sifika, da ɗan ja kaɗan. Robar nan ita za ta taimaka wa sifaida ɗaukar kaya, musamman in soson baki ya riga ya mutu.

Mataki na huɗu, ɗaurawa. A fafe rami a katakon yadda nauyin zai samu wurin kai da komo ba tare da ya bugi komai ba. A ɗaure bakin sifikar a katakon da sukurori a dukkan ramukan ta, sannan a ɗaure katakon a ƙarƙashin benci ko kujera, a jikin ƙashin katakon kujerar, ba a soso ko yadi ba. Duk inda aka bar sako-sako, maimakon rugugi sai a ji ƙarar gwangwani.

Daga ƙarshe a yanka guntayen taya a sa ƙarƙashin kowace ƙafar benci. Wannan ɗan aikin da ake rainawa shi ne rabin nasara, don in babu shi, daɓen siminti ko ƙasa ne zai shanye girgizar. Wanda ya saba kallo a kan tabarma ya sani cewa girgizau ba ta iya motsa ƙasa. Sai dai ya sa kafinta ya buga masa ɗan dandamali na katako, ya shimfiɗa tabarmar a kai. Gadon katako ma na yi. Gadon ƙarfe kuwa surutu ya yi masa yawa.

AMFILIFAYA DA WUTA

Girgizau na buƙatar amfilifayar ta daban, kuma wadda ke tace sauti, ta bar mai kauri kaɗai ya wuce. Hanyoyi uku ne. Ko tsohon "hom tiyata" mai wufa ɗaya da 'ya'ya biyu, a cire wayar wufar a haɗa da girgizau. Ko amfilifayar mota mai maɓallin da aka rubuta LPF. Ko kuma ƙananan allunan nan na China masu ɗauke da TPA3116, waɗanda ke aiki da bolt 12 zuwa 24, a zaɓi wanda aka yi don wufa.

In akwai abin murɗawa na tacewa, a ajiye shi kan 80 ko ƙasa da haka. Dalili kuwa, kaurin muryar namiji na farawa ne daga wajen haz 85. In tacewar ta haura nan, duk lokacin da Ali Nuhu ya buɗe baki sai benci ya yi ta zuza kamar an kunna injin markaɗe. Gwajin mai sauƙi ne: a sa wurin da ake hira zalla. In benci ya yi shiru, an dace.

Sautin da za a ba amfilifaya ana ɗauko shi ne daga ramuka ja da fari na bayan DVD ko risiba, da waya mai raba ɗaya biyu, hannu ɗaya ya tafi talabijin, ɗaya amfilifaya. In DVD ɗin na da ramin wufa na musamman, ya fi. Mai kallo a waya ya yi amfani da ramin iyafis. Bulutut na kawo ɗan jinkiri, sai a ga bam ya tashi, benci bai sani ba sai daga baya.

Mai son girgizau biyu a dogon benci, kamar na gidan kallo, ya kula da lissafin om. Biyu masu om 8 in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ja da ja, baƙi da baƙi, sun zama om 4, lafiya lau. Biyu masu om 4 in aka yi masu haka sun zama om 2, wanda ke kashe yawancin ƙananan amfilifayoyi. Su sai dai a jera su ɗaya bayan ɗaya, baƙin ta farko ya shiga jan ta biyu, su zama om 8. In aka juya wayar ɗaya, za su riƙa karo da juna, wannan na turawa waccan na ja, girgizar ta ragu.

Kada kuma rubutun kwali ya ruɗi kowa. "Wat 3000 PMPO" talla ce kawai. Lambar gaskiya ita ce ta RMS, kuma wat 20 zuwa 30 sun ishi benci guda. Wannan ya sa girgizau ta dace da garin da wutar NEPA ba ta da tabbas. Wat 24 a kan bolt 12 amfiya 2 ke nan. Batiri mai 7Ah a lissafi zai yi awa uku da rabi, a aikace ƙasa da haka in an ƙure shi, amma tunda ba kowane minti ake fashe-fashe a fim ba, ya kan kai fim ɗin Indiya guda. Batirin sola ya fi na babur jure irin wannan aikin. A sa fiyus mai amfiya 5 a jan wayar, kusa da kan batiri. Kuma ko da wasa kada a haɗa girgizau da soket ɗin bango. Bolt 230 ba abokin wasa ba ne.

A ranar gwajin farko a fara da murya ƙasa-ƙasa. Bayan minti 15 a taɓa maganaɗisun. Ɗumi ba laifi, amma in hannu ba ya iya zama a kai, ko an ji ƙaurin waya, a kashe. Koyil ɗin da ke jan nauyi ya fi saurin zafi.

KADA GARIN NEMAN GIRA A RASA IDO

Wani zai ce, tunda nauyi ake nema, me zai hana a fasa mataccen batirin mota a narka dalmar ciki? A'a! Zamfarawa ba sa buƙatar a yi masu dogon bayani kan wannan. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a garuruwa irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, wasu da dama kuma ta taɓa masu ƙwaƙwalwa. Hayaƙi da ƙurar dalmar batiri gubar ɗaya ce, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. Wasa-wasan ƙarfe sun wadatar. Wanda ya yi liƙin waya da dalma ma ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Sai maganaɗisu. In talabijin ɗin tsohuwa ce mai ƙeya, a nisanta sifikar da ita, don ta kan ɓata kalar hoto. Ta kan kuma goge kaset, saboda haka mai ajiyar tsofaffin kasusuwan Sangaya da Wasila ya kawar da su gefe. Mace mai juna biyu, da mai ciwon baya, da jarirai, a ba su kujerar da ba a ɗaura wa komai ba. A rufe wayoyi inda yara ba za su ja ba.

Akwai kuma ribar da ba a cika lura da ita ba. In jiki na jin rugugin, mutum ba ya ƙure muryar talabijin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi. Kunnen da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

WANE FIM NE ZAI MOTSA BENCI?

Girgizau ba ta ƙirƙirar abin da babu. In fim ba shi da kaurin sauti, benci zai zauna shiru kamar an aiko shi. Finafinan da aka haɗa da tsarin 5.1, wanda ya bazu bayan Batman Returns na 1992 da Jurassic Park na 1993, su na da layi na musamman na rugugi zalla. Shi ne "ɗigo ɗaya" ɗin nan. Takun dodon Jurassic Park, yaƙin Baahubali na 2015, faɗan K.G.F na 2018 da RRR na 2022, duk abincin girgizau ne. Hatta tsohon Sholay na 1975, wurin harin da aka kai wa jirgin ƙasa a farkon fim, ya kan motsa benci.

Faifan CD na bidiyo ba shi da wannan layin, sauti biyu gare shi, hagu da dama, amma matatar amfilifaya na iya tsamo kaurin da ke ciki. Babbar matsalar ita ce finafinan da ake matsewa don su shiga ƙaramin memori. Tsohon tsarin 3GP sau da yawa ya kan yanke sauti ya koma kamar na kiran waya, ba sauran kauri ko kaɗan. In za a je wurin masu tura fim, a nemi mai nauyi. Finafinan Indiya da aka fassara da Hausa kuwa sun bambanta: wani an bar asalin sautin da ƙarfin sa, wani an danne shi don muryar fassara ta fito.

To finafinan Hausa fa? Waƙoƙin su kam za su yi, domin tun zamanin fiyanon Yamaha gangar da ake bugawa a situdiyo na da kauri. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So da Daɗin Kowa hira ta fi yawa a cikin su, don haka benci zai huta, kuma hakan daidai ne. Amma akwai wuraren da ya kamata ya motsa ya ƙi: sukuwar dawakai, bugun tambari a ƙofar fada, tsawa da saukar ruwan sama, haɗarin mota, rufe ƙofar kurkuku. A nan girgizau ke tona asiri. Tun daga Turmin Danya na 1990, hoto ya ci gaba ƙwarai a Kannywood, kyamarori sun sauya, amma har yanzu a finafinai da dama abin da makirfo ya kama a lokeshin da ɗan kiɗan da aka ɗora shi ke nan. Furodusan da zai kashe kuɗi kan kaya da motoci da gidaje, ya kamata ya ware wani abu ga mai haɗa sauti. Ƙasar da ta haifi Narambaɗa na Tubali da Ɗanƙwairo Maradun ba ta rasa kunnen da ke rarrabe sauti mai rai da fanko ba.

Ga ɗaliban sashen lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, da yaran shagon masu gyaran rediyo, wannan 'yar sana'a ce a kwance. Masu gidajen kallo na neman abin da zai bambanta su da na gaba da su, kuma benci mai girgiza a sahun gaba ya isa talla, ba tare da mai unguwa ya aiko a rage ƙara ba. Matattun sifikoki kuwa ba za su ƙare ba.

Wanda ya haɗa tasa ya fara gwada ta da rana, ya kira mai gyaran rediyo ya duba masa wayoyin kafin a jona batiri. Da dare kuma a rage muryar talabijin, a bar benci ya yi aikin. Allah ya kawo wa Sakajiki da Ƙaura da Shinkafi da Zurmi zaman lafiya, yadda kowa zai saki jiki ya sha kallon sa, amin. A fitowa ta gaba wannan fili zai duba yadda ake gane ko faifai ne ya lalace ko idon DVD ne ya yi datti.